George Forrest: Mutumin Da Ya Shafe Shekara 28 Yana Farautar Irin Furanni A Duwatsun Sin

A lambunan Birtaniya da na sauran ƙasashe masu sanyi, da zarar watan Yuni ya kama, akan ga wani fure a bakin tafkuna da gefen ƙoramu, mai dogon kara, furanninsa masu launin ruwan lemo sun kewaye karan hawa-hawa kamar benaye. Masana suna kiran sa Primula bulleyana. A yau mai lambu yakan sayi ƙunshin irinsa da 'yan kuɗi kaɗan, ya watsa a danshi, ya jira ya tsiro. Amma a farkon ƙarni na 20 babu ko tushe ɗaya nasa a duk faɗin Turai. Wanda ya kai irinsa can shi ne George Forrest, ɗan ƙasar Sikotland, wanda ya yi tafiya bakwai zuwa lardin Yunnan na kudu maso yammacin ƙasar Sin tsakanin 1904 da 1932, ya tsallake rijiya da baya a tafiyarsa ta farko, ya kuma rasu a ta ƙarshe. Tarihinsa ya nuna yawan lokaci da dukiya da rayukan da aka kashe kafin ƙwayar iri da ba ta kai ta riɗi girma ba ta isa lambun Bature da ranta, ya kuma nuna hannaye masu yawa da suka yi aikin amma suna ɗaya ya fito.

Tasowarsa

An haifi George Forrest a ranar 13 ga Maris, 1873, a garin Falkirk na Sikotland, shi ne auta a cikin 'ya'ya 13. Iyalinsa sun koma Kilmarnock tun yana ƙarami, a can ya yi makaranta. Bai shiga jami'a ba. Da ya gama karatu sai aka sa shi koyon aiki a wani kantin haɗa magunguna, inda ya san amfanin ganyaye da saiwoyi, ya koyi yadda ake busar da tsiro a adana shi, ya kuma sami ɗan abin da ya samu na ilimin jinya. Duk waɗannan sun yi masa rana daga baya a wuraren da babu likita.

Da ya sami ɗan gado, sai ya bar kantin ya nufi Ostireliya, inda ya yi haƙar zinariya, ya yi aiki a gandun tumaki. Bai dawo da arziki ba, amma ya dawo a 1902 da jiki mai jure wahala da sabo da kwanan daji. Yana dab da cika shekara 30, ba shi da tsayayyar sana'a.

A 1903, ya fita kamun kifi a tafkin Gladhouse da ke kudu da Edinbara, sai ya ci karo da wani akwatin gawa na dutse irin na mutanen dā. Ya kai labari gidan tarihi na Edinbara, a nan ya haɗu da masanin kayan tarihi John Abercromby. Mutumin ya yaba da hankalinsa, ya rubuta wa Farfesa Isaac Bayley Balfour, shugaban Lambun Nazarin Tsirrai na Masarauta da ke Edinbara, yana nema masa aiki. Balfour ya ba shi ƙaramin gurbi a ɗakin adana busassun tsirrai, da ɗan albashi. A wannan ɗaki Forrest ya riƙa ganin samfurin tsirrai daga kowace kusurwar duniya, ya koyi yadda ake rarrabe su zuri'a-zuri'a. A nan kuma ya haɗu da Clementina Traill, wadda ya aura a 1907, suka haifi 'ya'ya maza uku.

Furen da ake nema da ƙasar da yake

Firimula zuri'a ce ta ƙananan furanni da ke da nau'i kusan 500. Sunan ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin na farko, domin nau'in da Turawa suka sani yana cikin furannin da ke fara buɗewa bayan wucewar hunturu. Tsiro ne mai son sanyi da danshi. A Afirka sai a tsaunukan arewa maso gabas, kamar na Habasha, ake samun danginsa. Cibiyarsa ita ce duwatsun Himalaya da yammacin Sin, inda ƙasar Sin kaɗai take da nau'i wajen 300.

A arewa maso yammacin Yunnan manyan koguna uku, Salween da Mekong da Yangtze, suna gangarowa daga tudun Tibet kafaɗa da kafaɗa, kowanne cikin kwazazzabo mai zurfin gaske, dogayen tsaunuka sun raba su. Mutum yakan tashi daga gindin kwari mai zafi da safe, ya kwana kusa da dusar ƙanƙara. Saboda haka kowane kwari da kowane tudu suna da tsirran da ba a samu a maƙwabtansu.

Turawa sun san da wannan arziki kafin Forrest. Wani limamin Katolika ɗan Faransa, Jean-Marie Delavay, wanda ya rasu a 1895, ya shafe shekaru a Yunnan yana aika busassun tsirrai zuwa Paris, inda masani Adrien Franchet ya raɗa wa ɗaruruwansu suna. Sai dai busasshen fure da aka manna a takarda na masana ne, ba ya tsirowa. Masu lambu iri suke so, mai rai, mai yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Arthur Kilpin Bulley, attajirin dillalin auduga na Liverpool, wanda ya kafa lambu a Ness, ya kuma kafa kamfanin sayar da iri mai suna Bees. Bulley ya tambayi Balfour ko yana da mutumin da za a aika Sin. Balfour ya ba shi sunan Forrest.

A 1904 Forrest ya bi ta teku zuwa Burma, ya hau kogin Irrawaddy har Bhamo, daga nan ya shiga ayarin alfadarai zuwa Tengyueh, garin da ake kira Tengchong a yau. Ƙaramin jakadan Birtaniya a garin, George Litton, ya karɓe shi, ya nuna masa hanyoyi, suka zama aminai.

Bala'in 1905

Forrest ya isa yankin a mugun lokaci. A watan Agustan 1904 sojojin Birtaniya ƙarƙashin Francis Younghusband suka shiga Lhasa, babban birnin Tibet, da ƙarfin bindiga. A gabas kuma gwamnatin Sin tana ƙoƙarin rage ikon gidajen ibadar mabiya addinin Buda a yankin Batang. A farkon 1905 mutanen Batang suka yi bore, suka kashe babban jami'in gwamnatin Sin mai suna Feng Quan, suka juya kan limaman Katolika 'yan Faransa da mabiyansu, waɗanda suke kallo a matsayin 'yan koren baƙi. Wutar ta riƙa bin kwarin Mekong tana gangarowa kudu.

A lokacin Forrest yana Tzekou, wani ƙaramin ƙauye a bakin Mekong, baƙon tsofaffin limamai biyu, Jules Dubernard da Pierre Bourdonnec. Ya tara tsirrai masu yawa a damunar. A daren 19 ga Yuli, 1905, labari ya zo cewa mahara sun kusa. Mutanen mishan ɗin, kimanin 80, maza da mata da yara, suka fita cikin duhu. Washegari aka tare su a wani kwari. Aka kashe mafi yawansu. An harbe Bourdonnec da kibau masu dafi, aka kama Dubernard bayan 'yan kwanaki aka kashe shi bayan azabtarwa. Cikin mutum 17 da ke yi wa Forrest aikin tara tsirrai da hidima, ɗaya ne kaɗai ya tsira.

Forrest ya gangara cikin kurmi ya ɓuya. Kwana takwas yana kwanciya da rana, yana lallaɓawa da dare, ana neman sa da karnuka. Ya binne takalmansa don kada sawunsu ya tona masa asiri. Abincinsa bai wuce 'yan zangarniyar alkama da ɗan busasshen wake da ya tsinta ba. Da yunwa ta kai shi maƙura sai ya faɗa wani ƙauyen 'yan ƙabilar Lisu, ya miƙa wuya ga abin da zai faru. Mutanen ƙauyen suka ba shi abinci, suka ɓoye shi, suka haɗa shi da 'yan rakiya da suka bi da shi ta kan tsaunuka masu ƙanƙara, duk da sanin abin da zai same su idan aka gane. A hanya ya taka wani tsinin gora da manoma kan kafa a bakin gona, ya huda ƙafarsa ya fita ta sama. A ƙarshen watan Agusta ya isa birnin Dali. Kafin nan an riga an kai wa iyalinsa a Sikotland labarin mutuwarsa, sai bayan 'yan kwanaki wata wayar ta biyo baya cewa yana da rai.

Duk abin da ya tara a wannan shekara, busassun tsirrai da iri da hotuna da littattafan rubutunsa, ya salwanta. Wani zai kama hanyar gida. Shi kuwa, watanni biyu bayan haka, ya bi Litton zuwa saman kogin Salween, wurin da Turawa ba su san shi sosai ba. Sun dawo a ƙarshen shekara, zazzaɓi ya kashe Litton a watan Janairun 1906.

Lijiang da mutanen Naxi

A 1906 Forrest ya mai da sansaninsa kusa da Lijiang, a gindin tsaunin Yulong mai tsayin mita 5,596. A nan ya ɗauki ma'aikata daga wani ƙauyen 'yan ƙabilar Naxi, ya koya musu yadda ake matse tsiro a takarda da yadda ake tsince iri. Cikinsu akwai Zhao Chengzhang, wanda Forrest yake kira Lao Chao, ya zama shugaban masu tara masa tsirrai har ƙarshen rayuwarsa.

A wannan shekara ce ya sami firimulolin da suka fito da sunansa. Akwai Primula bulleyana mai ruwan lemo, wadda aka sa wa sunan Bulley. Akwai Primula beesiana mai launin shunayya, wadda ta ɗauki sunan kamfanin Bees. Akwai Primula forrestii, rawaya mai ƙamshi, da ke fitowa a tsagar busassun duwatsun farar ƙasa. Akwai kuma wata da ta bambanta da duk danginta: kara ɗaya miƙaƙƙe, samansa jajayen tohon fure kamar garwashi, ƙasansa buɗaɗɗun furanni masu launin shuɗi-shuɗi. Forrest ya raɗa mata suna Primula littoniana don tunawa da amininsa. Daga baya aka gano cewa Delavay ya riga shi samun ta, an kuma riga an sa mata suna Primula vialii, don girmama wani limamin, Paul Vial. Ƙa'idar masana ita ce sunan farko shi ke tsayawa, don haka sunan Litton ya faɗi. Amma irin da ya sa furen ya shiga lambunan Turai na Forrest ne.

Haka abin yake ga Primula malacoides, ƙaramar firimula da Delavay ya gani tana fitowa kamar ciyawa a gonakin Dali. Irin da Forrest ya aika shi ne ya mai da ita furen tukunya da ake sayarwa a kasuwannin Turai da Amurka da hunturu. Ya koma gida a 1907, kuma cikin shekaru biyu furannin nasa suka fara buɗewa a Ness da Edinbara, kamfanin Bees ya kai su baje kolin Ƙungiyar Masu Lambu ta Masarauta a Landan, suka sami lambobin yabo.

Yadda ake samun irin

Wahalar aikin tana cikin lokaci. Firimular kan tsauni tana fure tsakanin Yuni da Agusta, a tsakiyar damina, lokacin da hazo ke rufe duwatsu, hanyoyi su zama taɓo, matsattsaku su cika ciyawa. A lokacin ne mai nema zai gan ta, ya ɗauki samfuri, ya ba shi lamba, ya rubuta tsayin wurin da irin ƙasarsa da launin furen, ya sa alama. Iri kuwa ba ya nuna sai Satumba ko Oktoba. A lokacin fure ya kaɗe, ganye ya bushe, tsiron da ya fi komai kyau a watan Yuli ya koma ɗan busasshen kara a cikin dubban irinsa. Dole mutum ya koma daidai wurin, ya gane shi. Idan ya yi sauri, irin bai ƙosa ba. Idan ya yi jinkiri, kwanson ya fashe ya zubar, ko dabbobin makiyaya sun kiwace, ko dusar ƙanƙara ta rufe.

Bayan an tsinko, sai a shanya, a sheƙe, a ƙulla a takarda, a rubuta lambar da ta yi daidai da ta busasshen samfurin, domin wanda zai shuka a Edinbara ya san abin da ke hannunsa. Daga nan alfadarai su kai Bhamo, jirgin ruwa ya ratsa da shi zafin Burma da tekun Indiya da Bahar Maliya. Irin wasu firimuloli ba ya daɗewa da rai, yakan mutu kafin ya isa. Wanda ya isa ya tsiro ma bai tsira ba tukuna. Yawancin firimula suna da fure iri biyu, wani mai dogon sashen mace, wani mai gajere, kuma ba a samun iri mai kyau sai ƙwari sun ɗauki garin fure daga wannan zuwa wancan. Charles Darwin ya yi nazarin wannan, ya wallafa littafi a kansa a 1877. Ke nan mai lambun da tushe ɗaya ya rayu masa, ko kuwa duk tsirransa suka zo iri guda, zai ga fure shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan ya rasa shi. Primula vialii kanta ba ta da tsawon rai, sai an riƙa sabunta ta daga iri. Nau'o'i da dama da Forrest ya kai sun yi fure a Birtaniya, aka yi murna, suka ɓace, sai an sake komawa Yunnan.

Mutum ɗaya ba zai iya kasancewa a kan tsaunuka goma a mako guda na nunar iri ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya bambanta Forrest da takwarorinsa shi ne tsari. Ya riƙa raba ma'aikatansa ƙungiya-ƙungiya, yana aika su kwaruruka daban-daban, wani lokaci tafiyar makonni daga sansani. Yakan nuna musu busasshen samfuri, su tafi su dawo da irinsa. Zhao Chengzhang ne ke tsara tafiye-tafiyen, ya kula da kuɗin guzuri, ya rubuta bayanan wurare. Wasu lokutan, ko Forrest yana Sikotland, mutanen suna ci gaba da tarawa. Da wannan tsari ya riƙa aika iri da yawan da babu wanda ya taɓa aikawa, ya kuma sake aika nau'i ɗaya daga wurare daban-daban, domin in wannan ya mutu wancan ya rayu.

Iyayen gida da abokan hamayya

Forrest ba mai dukiya ba ne, kowace tafiya sai an sami mai ɗaukar nauyi. Dangantakarsa da Bulley ta yi tsami a tafiya ta biyu, ta 1910, kan batun kuɗi da jinkirin biya. Suka rabu. A 1911 Bulley ya ɗauki wani matashi, Frank Kingdon-Ward, wanda shi ma ya zama fitaccen mai farautar tsirrai. Forrest mutum ne mai kishin fagensa, bai ji daɗin ganin wasu a duwatsun da yake ɗauka nasa ba, ko Kingdon-Ward ne ko Joseph Rock, wanda ya zo daga Amurka a farkon shekarun 1920 ya zauna a yankin Lijiang.

Sabon ubangidansa shi ne John Charles Williams, mai gidan sarauta na Caerhays a Cornwall, wanda ya ɗauki nauyin tafiya ta uku, daga 1912 zuwa 1915. Forrest ya isa Yunnan a lokacin da juyin juya halin 1911 ya kifar da daular Qing, sojoji suna tawaye, hanyoyi ba tsaro, har ya ja da baya zuwa Burma na ɗan lokaci kafin ya koma bakin aiki. Williams mai son rododendiron ne, wata zuri'ar itatuwa masu manyan furanni, har yana ba Forrest tukuici kan kowane sabon nau'i. Daga nan hankalin Forrest ya ƙara karkata ga wannan zuri'a. Shi ya samo Rhododendron sinogrande mai ganye mafi girma a danginsa, da Rhododendron griersonianum da masu haɗa iri suka yi amfani da shi ƙwarai. Irin Camellia saluenensis da ya aika shi ne Williams ya haɗa da kameliyar Japan, aka sami Camellia williamsii da ke jure sanyin Ingila. Shuɗin furen nan na kaka, Gentiana sino-ornata, shi ma ta hannunsa ya shiga lambuna.

Tafiye-tafiyen da suka biyo baya, na 1917 da 1921 da 1924 da 1930, gungun attajirai ne suka riƙa haɗa kuɗi, kowa ya karɓi kasonsa na iri gwargwadon abin da ya zuba. Ya kuma tara tsuntsaye da ƙananan dabbobi da ƙwari domin gidajen tarihi, har akwai wani kuregen duwatsu da ke ɗauke da sunansa. Amma bai bar firimula ba. Bayan rasuwar Balfour a 1922, ya yi aiki da magajinsa William Wright Smith, suka wallafa nazari kan rabe-raben zuri'ar firimula a 1928. Mutumin da bai taka jami'a ba ya zama ɗaya daga cikin waɗanda ake komawa gare su kan wannan fure. An ba shi lambar girmamawa ta Victoria a 1921, aka zaɓe shi ɗan Ƙungiyar Linnaeus ta Landan a 1924, ya karɓi lambar tunawa da Veitch a 1927.

A Yunnan kuwa an san shi da wani abu daban. Ilimin da ya samu a kantin magani ya sa mutane suna zuwa sansaninsa neman magani, kuma ya yi wa dubban mutane lambar rigakafin cutar agana da kuɗin aljihunsa. Ya koyi Sinanci gwargwado. Wannan ya sa ƙauyuka da dama suka buɗe masa ƙofa. Iyalinsa su suka biya farashin: cikin shekara 28 na aikinsa, fiye da rabi ya yi su nesa da gida, 'ya'yansa suka tashi suna saninsa ta wasiƙa.

Tafiyar ƙarshe

Forrest ya ƙudura cewa tafiyar 1930 ita ce ta ƙarshe. Yana so ya sake tara irin duk abin da ya kuɓuce masa a baya ko ya mutu a lambuna, sa'an nan ya koma gida ya rubuta littafin tafiye-tafiyensa. Damunar 1931 ta yi masa kyau. A wasiƙunsa na ƙarshe ya ba da labarin cewa irin da aka tara ya kai lodin alfadarai biyu, na nau'o'i ɗari huɗu zuwa ɗari biyar. A farkon watan Janairun 1932, aiki ya kusa kammala, ya fita harbin tsuntsaye a bayan garin Tengyueh, sai ciwon zuciya ya kayar da shi, ya cika nan take. Yana da shekara 58. An binne shi a maƙabartar baƙi ta garin, kusa da kabarin Litton. Kayan da aka tara sun isa Edinbara bayan rasuwarsa. Littafin kuwa bai rubuta ba, abin da aka sani game da shi ya fito ne daga wasiƙunsa da 'yan maƙalun da ya wallafa da takardun da ke manne da tsirransa.

Abin da ya bari

A ɗakin da ya fara aiki a 1903 akwai busassun samfurori fiye da 31,000 masu ɗauke da lambarsa, ɗaruruwa daga cikinsu sababbi ne ga ilimin kimiyya a lokacin. Tsirrai fiye da 30 suna ɗauke da sunan forrestii. Wannan tari ne ya mai da Edinbara cibiyar nazarin firimula da rododendiron, har masanan ƙasar Sin suka riƙa zuwa can don duba tsirran ƙasarsu. Lambun Bulley na Ness yana nan, 'yarsa ta ba da shi kyauta ga Jami'ar Liverpool a 1948.

Sunayen furannin sun nuna yadda aka raba yabo. Dillalin auduga ya sami nasa, kamfanin iri ya sami nasa, limamai da jakadu da farfesoshi da matansu sun sami nasu. Mutanen Naxi da suka hau tsaunukan, suka gane busasshen kara a cikin ƙanƙara, da mutum 16 da suka mutu a kwarin Mekong, da ƙauyawan Lisu da suka ceci ransa, sun daɗe a bayan fage. Sai a 'yan shekarun nan masana tarihi suka waiwaye su, musamman Erik Mueggler, wanda littafinsa na 2011 ya bi sawun Zhao Chengzhang da 'yan ƙauyensu, ya nuna cewa wani babban kaso na abin da ake kira tarin Forrest idanunsu ne suka gano shi, ƙafafunsu suka kai gare shi. Wannan bai rage jarumtar Forrest ko iliminsa ba. Shi ya zaɓe su, ya horar da su, ya amince musu, ya riƙe su shekara 25 da ɗoriya.

Zamanin da Bature zai shiga ƙasar wasu ya kwashe iri lodi-lodi ba tare da izini ba ya wuce. Yarjejeniyar kare halittu da aka ƙulla a Rio de Janeiro a 1992 ta tabbatar da cewa kowace ƙasa ita ke da iko da tsirranta, ƙa'idar Nagoya ta 2010 kuma ta tanadi neman izini da raba amfani tsakanin mai ɗauka da mai ƙasa. Shi ya sa mai lambun da ke neman irin wata firimula da ba a cika samu ba a yau yakan dogara ne ga musayar iri tsakanin ƙungiyoyin masu lambu da manyan lambunan nazari, inda ake raya zuriyar abin da aka kawo tun zamanin su Forrest. A farkon shekarun 2000, lambun Edinbara da Cibiyar Nazarin Tsirrai ta Kunming suka haɗa hannu suka kafa tashar bincike a gefen tsaunin Yulong, ba nisa da ƙauyen su Zhao Chengzhang. Masanan ƙasashen biyu suna aiki a can tare, kuma a fadamun da ke kewaye da tashar Primula bulleyana da Primula beesiana suna fure duk damina.